Yadda aka koya wa faifan kwamfuta faɗin ciwonsa

Idan ka shiga shagon kwamfuta a Badariya don duba sakamakon jarrabawa, bayanan da ke fito maka suna zaune ne a wata babbar kwamfuta da ake kira saba. A cikin sabobi da yawa akwai faifan ajiya mai juyawa, wanda farantansa kan zagaya sau 7,200 a minti ɗaya, allurar karatu na shawagi a kansu ba tare da ta taɓa ba. Ranar da ta taɓa, bayanai sun tafi. To, ta yaya mai kula da saba zai san faifan ya kusa mutuwa?

A farko babu hanya. Faifan farko da kamfanin IBM ya fitar a Amurka a 1956 yana da faranti 50, kuma abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Shekaru da dama, sai faifai ya fara ƙara ko ya ƙi karatu ake gane ba shi da lafiya.

Injiniyoyi sun bi hanya biyu. A 1988 masana uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, wato Patterson da Gibson da Katz, suka bayyana tsarin RAID: a rarraba bayanai a faifai da yawa, ta yadda in ɗaya ya mutu za a iya dawo da abin da ke kansa daga sauran. Hanya ta biyu ita ce faifan ya riƙa auna kansa. IBM ya fara wannan a 1992, kamfanin Compaq ya biyo da nasa, daga nan a 1995 aka samu tsarin SMART. Faifan na ƙirga guraben da suka lalace ya maye su da na ajiya, da waɗanda karatunsu ya gagara, da zafin jikinsa, da sa'o'in da ya yi yana aiki. Da manhajar smartctl, mai kula da saba zai karanta wannan lissafi kamar likita da katin maras lafiya.

Amma fa katin ba ya faɗin komai. A 2007 injiniyoyin Google suka wallafa nazarin faifai sama da 100,000. Sun gano cewa faifan da aka fara samun kuskure a binciken farantinsa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Sai dai kusan kashi 36 cikin ɗari na faifan da suka mutu ba su nuna wata alamar SMART ba ko ɗaya. Ka ga ke nan, in faifai ya yi kuka, ka yarda da shi. In ya yi shiru, kada ka saki jiki.

Nazarin ya kuma nuna zafi bai yi ɓarnar da ake zato ba, amma a ɗakuna masu sanyaya iska aka yi shi. Ɗakin da wuta ta ɗauke a Birnin Kebbi cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wani zance ne daban.

Saboda haka, in ka ga lissafin guraben da suka lalace yana hawa, fara da kwashe bayanai kafin duk wani gyara, don doguwar gwaji na iya ƙarasa faifan da ya raunana. Ka duba waya da wutar da ke shiga, wani lokaci laifin nasu ne. Sannan ka sauya faifan. Kuma RAID ba ya dawo da abin da aka goge bisa kuskure. Wannan sai kwafin da ka ajiye a wani wuri daban, wanda ka gwada ka tabbatar yana buɗewa.