Ɗanye da Nunanne: Tarihin Karatun Samari a Gidajen Ibadar Buda na Tailan

A ƙasar Tailan, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na jama'a mabiya addinin Buda ne, akwai wata tsohuwar magana da ake yi game da samari. Wanda bai taɓa aske kansa ya zauna zaman zuhudu a gidan ibada ba, ɗanye ake ce masa. Wanda ya shiga ya fito kuwa, shi ne nunanne. A da, a karkara, iyayen yarinya sukan yi ɗari-ɗari da ba ɗanye aure, domin a ganinsu bai san haƙuri ba, bai kuma iya karatu ba.

Asalin al'adar yana komawa ga zamanin Buda kansa, a arewacin Indiya, wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Littattafan addinin sun ce ɗansa Rahula ne yaro na farko da aka shigar cikin jama'ar masu zuhudu, yana ɗan shekara 7. Kakan yaron, Sarki Suddodana, ya ji zafin abin ƙwarai, ya roƙi kada a ƙara karɓar yaro sai da yardar iyayensa. Wannan doka tana nan har yau. Yaron da bai kai shekara 20 ba ana kiransa samanera, yana riƙe da dokoki 10: daga cikinsu ba ya cin abinci bayan rana ta take, ba ya karɓar kuɗi, ba ya zuwa wurin kiɗa da rawa. Wanda ya cika 20 yana iya zama bikku, wato cikakken mai zuhudu, dokokinsa kuwa 227 ne.

Abin da ya ba al'adar Tailan kamanninta shi ne shiga don a fito, ba kuma abin kunya ba ne. Saurayi yakan yafa mayafi mai ruwan goro na tsawon damina guda, wata uku ke nan daga wajen Yuli zuwa Oktoba, ya riƙa fita da kwano da sassafe yana karɓar abincin sadaka, sannan ya koma gona. Mutane sun yi imani cewa ladan yana zuwa ga iyaye, musamman uwa, wadda ba ta da damar shiga da kanta. Sarakuna ma sun bi sawu. Sarki Litai na daular Sukotai ya yi haka a ƙarni na 14, Sarki Bumibon kuma ya yi kwana 15 cikin mayafi a 1956.

Sai dai muhimmancin gidan ibada, wanda suke kira wat, ya wuce na neman lada. Ɗaruruwan shekaru shi kaɗai ne makarantar ƙauye. A nan yaro yake koyon baƙi da wasali da lissafi, mai ƙwazo ya zarce zuwa Pali, tsohon harshen da aka adana littattafan addinin da shi. Canji ya taso daga fada. Yarima Mongkut ya shiga zuhudu a 1824, sarautar da ake sa ran tasa ce ta faɗa hannun yayansa, sai ya yi zamansa har shekara 27. Ya ƙware a Pali, ya koyi Turanci da Latin da ilmin taurari, ya kafa ɗariƙar Tammayut mai tsananta bin nassi. Bayan ya hau gadon mulki a 1851, 'ya'yansa biyu ne suka ɗora a kan wannan harsashi: Sarki Culalongkon, da ƙanensa Yarima Wacirayan wanda ya rayu yana mai zuhudu. A 1898 sarki ya danƙa wa Wacirayan aikin shirya makarantun larduna a cikin gidajen ibada, a 1902 aka yi dokar da ta tattara masu zuhudun ƙasar ƙarƙashin shugabanci guda. Wacirayan ne ya tsara jarrabawar sanin addini da harshen ƙasa mai mataki 3, wadda ake kira nak tam. Jarrabawar Pali kuwa mataki 9 ce, kuma kaɗan ne suke kai ga na ƙarshe.

Abin mamaki, wannan gyara shi ne ya fara janye yara daga hannun masu zuhudu. Dokar tilasta karatun firamare ta 1921 ta mai da ilmi aikin gwamnati, sannu a hankali malamin albashi ya maye gurbin mai mayafi. Waɗanda suka rage suna daɗewa a wat galibi 'ya'yan talakawa ne, musamman daga arewa da arewa maso gabas, domin a can akwai ci da kwana da karatun sakandare kyauta. Mai haƙuri yana iya kai wa ga jami'o'in addinin guda biyu, Mahaculalongkon da Mahamakut, waɗanda doka ta mai da su jami'o'in gwamnati a 1997. Da yawa sukan ajiye mayafi bayan sun sami takarda. Masu suka suna cewa an mai da addini tsani. Amma da wuya a ga laifin yaron da ba a buɗe masa wata ƙofa ba sai wannan.

Ga ɗan birni na yau kuwa, matsalar ta lokaci ce. Ma'aikacin gwamnati yana da izinin hutu har na kwana 120 don zuhudu, amma samari da yawa mako ɗaya ko biyu suke iya yi, yara kuma a lokacin hutun zafi na watan Afrilu. Duk da haka al'adar ba ta mutu ba. A 2018, bayan an ceto yara 12 'yan ƙwallo da mai horar da su daga kogon Tam Luwang, 11 daga cikinsu sun zama samanera na kwana 9, suna sadaukar da ladan ga Saman Kunan, gwanin nutson da ya rasu wajen aikin ceton. Na sha biyun Kirista ne.

'Yan mata dai har yanzu a bakin ƙofa suke. Tun 1928 shugaban masu zuhudun ƙasar ya hana a ba mace cikakken matsayi, sai dai ta sa fararen kaya ta riƙe dokoki 8. Malamar jami'a Catsuman Kabilsing sai da ta tafi Siri Lanka a 2003 ta karɓo matsayin, ta dawo da sunan Dammananda. Gidan ibadarta da ke Nakon Patom yana karɓar mata su yi zuhudu na ɗan lokaci, ko da yake majalisar masu zuhudun ƙasar ba ta amince da matsayinsu ba.