Ilmin Zaman Jama'a a Makarantun Sakandare: Tarihin Gardamar Malamai

Ilmin Zaman Jama'a, watau darasin da ke koya wa yaro yadda al'umma take ginuwa tun daga iyali har zuwa ƙasa, baƙo ne a makarantun Nijeriya. Kafin zuwansa, Tarihi da Labarin Ƙasa ake koyarwa, kowanne da malaminsa da littafinsa. A shekarar 1963 aka buɗe makarantar sakandare ta Aiyetoro a Jihar Yamma da taimakon Amurkawa, a can ne kuwa aka gwada haɗa darussan nan wuri guda. Taron Mombasa na 1968 ya ƙarfafa wa ƙasashen Afirka gwiwa a kan wannan hanya, sa'an nan babban taron manhaja da aka yi a Ikko cikin 1969 ya karɓe ta. Kada a manta, a lokacin ana tsakiyar yaƙin basasa, hukuma kuma tana neman darasin da zai sa yaro ya ɗauki kansa ɗan Nijeriya kafin ya tuna da ƙabilarsa. A Jihohin Arewa, Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ita ce ta ɗauki nauyin tsara darasin da horar da masu koyar da shi.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, da tsarin 6-3-3-4 wanda aka soma aiki da shi daga 1982, su ne suka mai da Ilmin Zaman Jama'a wajibi a ƙaramar sakandare. Tarihi kuwa aka tura shi babbar sakandare, wanda ya ga dama ya ɗauka.

A nan ne kan malamai ya rabu. Masu goyon bayan sabuwar manhaja suka ce tsohon Tarihi hadda ce kawai: a sa ɗan Bahaushe ya haddace sarakunan Ingila, ko ya rubuta cewa Mungo Park ne ya gano Kogin Kwara a 1796, alhali kuwa masunta sun yi ƙarnuka suna su a cikinsa. Wannan hujja tana da ƙarfi. Malaman Tarihi, tare da Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya wadda aka kafa a 1955, suka mayar da martani cewa sabon darasin fate-fate ne, an tsakuro kaɗan daga nan kaɗan daga can, yaro ya fita bai san tarihi ba, bai kuma iya karanta taswira ba.

Amma akwai rukuni na uku wanda ya fi sauran yawa, ya kuma fi su ƙarancin murya. Su ne malaman da suka kwana suna koyar da Tarihi ko Labarin Ƙasa, suka wayi gari an miƙa musu sabon darasi ba horo, ba littafi. Hakan ya zo daidai da lokacin da yaran shirin ilmin firamare kyauta na 1976 suka tuɗaɗo sakandare, ajujuwa suka cika maƙil. Kukan waɗannan shi ne ya fi cancantar a saurara.

A ɗauki misalin malamin da aka tura Kutemeshi, cikin ƙasar Birnin Gwari. Manhaja ta ce ya fara daga muhallin yaro, muhallin kuwa ga shi a ƙofar aji: Tsohon Birnin Gwari da dalilin komawar gari bakin hanyar mota, haƙar zinariya tun zamanin Turawa, zaman Gwari da Kamuku da Hausawa da Fulani, da dajin Kamuku wanda En'e ta killace a 1936 kafin ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Wa ke da ikon noma a gefen daji? Ina burtalin shanu ya bi? Wa ke raba gardama tsakanin manomi da makiyayi? Ilmin Zaman Jama'a ke nan tsantsa. To, amma littafin da ke hannun malamin a Badun ko Ikko aka buga shi, jarrabawa kuma daga nesa take zuwa, saboda haka sai ya koma ga abin da za a tambaya, watau ire-iren iyali da ma'anar al'ada. Da dajin ya zama maɓoyar 'yan bindiga a shekarun 2010, har makarantu da dama na yankin suka rufe, tambayoyin da aka tsallake a aji su ne aka riƙa amsawa da bakin bindiga.

Gyare-gyaren baya duk daga sama suka sauko. Manhajar 2007 ta cire Tarihi daga ilmin matakin farko. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi, ta ware malamai 3,700 domin horo a faɗin ƙasa, adadin da bai kai biyar ga kowace ƙaramar hukuma ba. A watan Satumba na 2025 aka sake sanar da sabuwar manhaja, wadda ta wajabta Tarihi daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, ta kuma cuɗa shi da Ilmin Zaman Jama'a da na zama ɗan ƙasa a darasi guda a babbar sakandare.