Tarihin Takobin Kokawa a Ƙasar Nijar

Tun zamanin kaka da kakanni, idan damina ta wuce, aka yanke gero aka ɗaure dammuna, rumbuna suka cika, sai samarin wannan gari su ɗauki makaɗansu su nufi wancan, a share fili a yi da'ira, a yini ana kaye da kirari har almuru, kana masu masauki su ciyar da baƙin da suka zo kayar da 'ya'yansu, domin a al'adar kokawa wanda ya kai ka ƙasa da la'asar da shi za ka ci tuwon dare.

Wannan al'ada ce hukuma ta yi wa duban basira. Yayin da Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, ƙasa tana fama da raɗaɗin fari, jama'a kuwa, Hausawa da Zabarmawa da Barebari da Fulani da Buzaye, kowa ya fi sanin yarensa da yankinsa bisa ga sanin Nijar, sai aka kafa gasar ƙasa baki ɗaya, aka fara ta a Tawa a 1975, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, kyautar zakaran gasar.

Hikimar tana cikin tsarin. Ba a tura ɗan kokawa da sunan ƙabilarsa, da sunan jiharsa yake shiga fili. Kuma gasar ba ta da mazauni, kowane karo wani babban gari ke karɓar baƙuncinta, ta yadda Badamagare zai kwana a Doso, mutumin Difa ya sha ruwan Agadas. Yau jihohi takwas ne, kowace da gwanaye goma, su tamanin ke nan bisa takobi guda. Sai dai layu da guraye da ake ɗaurawa a damtse, waɗanda malamai ba su gushe suna inkari a kansu ba, har yanzu suna nan, kuma asabiyyar jiha takan motsa idan alƙali ya yi hukuncin da bai gamsar ba.

Duk da haka, gwamnatoci sun zo sun shuɗe, na soja da na farar hula, babu wadda ta soke wannan gasa, filin kokawa na Maraɗi kuwa sunan Kantu yake amsawa, na Doso kuma na ɗan kokawa Salma Ɗan Rani.