Ɗan Sandan Da Magani Ya Ƙare Masa: Tarihin Allurar Jijiya Da Cututtukan Fata

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. A ajin kimiyya duk mun haddace cewa Alexander Fleming ne ya gano fenisilin a shekarar 1928, muka rubuta a jarrabawa muka ci maki. To amma labarin bai tsaya nan ba, kuma ragowarsa ita ce ta fi shafarmu a yau da furfura ta soma cim mana.

Kafin zuwan wannan magani, ɗan ƙwarzane ko maruru yakan iya kai ƙato lahira. Dalili kuwa shi ne, fata ita ce ganuwar jiki. Da zarar ta tsage, ƙwayoyin cuta biyu da likitoci ke kira istafilokokus da istireftokokus sukan samu ƙofa, su shiga cikin tsoka, wurin ya kumbura ya yi zafi ya tara mugunya, daga nan su faɗa cikin jini. A wancan zamani sau da yawa likita ba shi da abin yi illa ya tsaga ya matse, ko ya yanke gaɓar, sannan a jira abin da zai faru.

Fleming yana aiki a asibitin St Mary da ke Landan sa'ad da ya lura cewa wata hunhuna ta fito a farantin da yake renon ƙwayoyin cuta, kuma duk ƙwayoyin da ke kewaye da ita sun mutu. Ya buga rahotonsa a 1929, amma ya kasa tace maganin ya zama abin ba maras lafiya. Haka zancen ya kwanta kimanin shekara goma, har sai da wasu masana a jami'ar Oxford suka tono shi, wato Howard Florey mutumin Ostareliya, da Ernst Chain wanda ya gudo daga Jamus, da kuma Norman Heatley. Ran 25 ga watan Mayu 1940 suka sa wa ɓeraye takwas ƙwayoyin cuta, suka ba huɗu magani suka bar huɗu. Kafin gari ya waye waɗanda ba a ba magani ba duk sun mutu, sauran kuwa suna raye.

Mutum ba ɓera ba ne, abin da zai ishe shi ya ninka na ɓera sau dubbai, ga shi ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antun Ingila duk sun koma aikin yaƙi. Saboda haka Heatley ya shiga renon hunhunar a cikin duk mazubin da ya samu, har da fo na asibiti da gwangwanayen biskit.

Ana cikin haka aka kwantar da wani ɗan sanda mai suna Albert Alexander, ɗan shekara 43, a asibitin Radcliffe da ke Oxford. An daɗe ana cewa ƙayar fure ce ta yage shi a fuska, amma masu bincike daga baya sun danganta raunin da harin bam da aka kai birnin Southampton a ƙarshen 1940. Ko ma dai wanne ne, mikin ya ruɓe, ƙuraje suka cika masa fuska da fatar kai, har aka cire masa ido ɗaya. Ran 12 ga Fabrairu 1941 wani matashin likita, Charles Fletcher, ya soma ɗura masa fenisilin ta jijiya. Cikin kwana guda zazzaɓi ya sauka, mugunya ta soma ƙafewa, mutumin ya nemi abinci.

Me ya sa sai ta jijiya? Domin tsamin da ke cikin tumbi yana lalata wannan irin fenisilin idan an sha shi, kuma ƙoda tana saurin fitar da shi, don haka dole a riƙa zuba shi cikin jini a kai a kai. Wannan hali na ƙoda ya sa likitocin suka riƙa tara fitsarin Alexander, a kai ɗakin gwaji a tace maganin, a sake sa masa. Duk da wannan dabara, bayan kwana biyar magani ya ƙare ƙaf. Cutar ta dawo, ran 15 ga Maris 1941 ya rasu. A lura fa, maganin bai gaza ba. Yankewa ya yi kafin ya gama aikinsa.

Wannan rashi ya sa Florey da Heatley suka tafi Amurka a tsakiyar 1941 neman masu sarrafa maganin da yawa. A garin Peoria aka gano cewa hunhunar ta fi yabanya a cikin ruwan jiƙon masara, wani abu kamar ƙasarin da mata ke zubarwa. Kafin tsakiyar 1944 an samu wanda ya ishi sojojin ƙawance da suka sauka a Faransa. A 1945 aka ba Fleming da Florey da Chain kyautar Nobel. Heatley bai samu ba, sai a 1990 jami'ar Oxford ta karrama shi da digirin girmamawa.

A jawabinsa na karɓar kyautar, Fleming ya yi gargaɗin cewa shan maganin da bai kai ƙa'ida ba zai koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su jure masa. Ba a daɗe ba maganarsa ta tabbata. A 1948 wata likita a Landan, Mary Barber, ta nuna cewa fiye da rabin istafilokokus da ake samu a asibitinta sun daina jin fenisilin. Aka fito da metisilin a wajen 1960, amma a 1961 aka samu ƙwayoyin da suka fi ƙarfinsa a Ingila, su ne ake kira MRSA. Sai likitoci suka koma ga bankomaisin, wanda kamfanin Eli Lilly ya samo daga ƙasar da aka ɗebo a tsibirin Borneo, aka amince da shi a 1958. Shi ma ta jijiya ake ba da shi don cutar fata, domin hanji ba ya tsotse shi, kuma a hankali cikin ƙarin ruwa na aƙalla awa guda, in ba haka ba jiki ya yi ja ya hau ƙaiƙayi. Bayansa an samu daftomaisin a 2003, sannan dalbabansin a 2014, wanda daga baya aka yarda a riƙa ba babban mutum shi sau ɗaya tak, ya yi kwanaki yana aiki a jiki. Sai dai waɗannan sababbi sun fito da tsada ƙwarai.

To jama'a, ina darasin yake? Alexander ya rasu ne don maganin da ake da shi ya ƙare. Mu kuwa da hannunmu muke yanke shi: a shiga kemis a sayi kafso huɗu ba tare da ganin likita ba, da an ji sauƙi a ajiye sauran. Da haka muke horar da ƙwayoyin cuta su gagari magani, alhali samo sabo yakan ci shekaru masu yawa.

Saboda haka, duk wanda ya ga kumburi a fata yana faɗaɗa cikin sauri, ga zafi ga zazzaɓi, ko ciwon ya fi girman mikin, ko fata ta soma baƙi, to ya garzaya asibiti ran nan. Masu ciwon suga a cikinmu su riƙa duba ƙafafunsu kullum. Idan likita ya ce sai an tsaga, a yarda, domin magani kaɗai ba ya kwashe mugunyar da ta taru. Idan ya ce sai an kwanta an sa allurar jijiya, a kwanta, kuma kada a sallami kai kafin ya sallama. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya kai mu taro na gaba.