Daga Wasiyyar Shehu Ahmad Zuwa Ruwan Gishiri: Waiwaye Kan Saƙon "A Yaɗa"

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Saƙon nan da ke shigowa wayoyinmu a wurin aiki, mai ƙarewa da "a tura wa mutum goma", ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 19 wata takarda ke yawo a ƙasashen Musulmi da sunan wasiyyar wani Shehu Ahmad, wai mai hidima a masallacin Annabi a Madina. Takan yi wa wanda ya kwafe ta ya raba alkawarin arziki, ta kuma tsoratar da wanda ya ƙi da bala'i. Malamai irin su Rashid Rida da Ibn Baz sun bayyana cewa ƙage ce, amma duk da haka ta isa ofisoshinmu, inda injin gurza takarda ya ƙara mata ƙafa.

Ƙasar Kafanchan ta ɗanɗana kuɗar labarin da ba a tantance ba. A ranar 6 ga Maris 1987 rikici ya tashi tsakanin ɗalibai Musulmi da Kirista a Kwalejin Ilimi ta garin. Kafin gaskiyar abin da ya auku ta fita, labarin ya riga ya kumbura a bakin matafiya, aka kuma zargi Rediyon Tarayya na Kaduna da ruruta shi. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka yi asarar rayuka, aka ƙona wuraren ibada. Abin lura shi ne, a harabar makaranta al'amarin ya faro, wurin da ya kamata a fi ko'ina bin diddigin magana.

A watan Agusta 2014 kuwa, bayan cutar Ebola ta ɓulla a Legas, saƙo ya karaɗe wayoyi cewa wanka da ruwan gishiri da shansa rigakafi ne. An ruwaito mutuwar aƙalla mutum 2, wasu kuma suka kwanta asibiti, alhali cutar ba ta taɓa su ba.

Idan muka dubi waɗannan misalai za mu ga sigar saƙon ɗaya ce: tushensa a ɓoye, yana ɗauke da tsoro, yana kuma neman a gaggauta. Ƙarfinsa daga mai miƙawa yake zuwa. In malami ko ma'aikacin jinya a Fadan Kaje ko Zonkwa ya tura saƙo, jama'a kan karɓe shi saboda darajar aikinsa.

Saboda haka nauyi yana wuyanmu. Kafin mu tura, mu tambayi wanda ya rubuta, da ranar da aka rubuta, da hukumar da ta tabbatar. Abokin aikin da ya yaɗa ƙarya a ja shi gefe a nusar da shi cikin mutunci, sannan a aika da gyara ta hanyar da ƙaryar ta bi. Shugabannin ma'aikatu kuma su riƙa fitar da sanarwa a kan kari, domin inda hukuma ta yi shiru, nan jita-jita ke yin sheƙa.