Gardama a Kan Kalmar "Ƙarfi": Nazarin Zaman Karatun Lissafi da Fiziks Tsakanin Ɗalibai a Kafanchan

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda 'yan ajin ƙarshe na sakandare da masu jiran shiga jami'a a Kafanchan da kewaye ke taruwa su warware tambayoyin lissafi da fiziks ba malami a kansu. Ta ƙalubalanci ra'ayin da ke cewa wannan zama ɓata lokaci ne, kuma Hausar da ake yi a cikinsa tana rikita ɗalibi. Ta nuna cewa Hausar ce ke tono kuskuren da haddar Turanci ke binnewa, kuma a cikin gardamar da ke biyo baya ne ake samun karatun.

Gabatarwa

A jarrabawar shiga jami'a ta 2025, fiye da ɗalibai miliyan 1.5 cikin kimanin miliyan 1.9 da suka zauna ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Hukumar JAMB ta amsa daga baya cewa tangarɗar na'ura ta shafi cibiyoyi a Legas da Kudu maso Gabas, amma Kaduna ba ta cikin wuraren da aka ambata. Tsarin jarrabawar shi ma yana da nasa nauyi: tambayoyi 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Ɗalibin da zai fuskanci wannan dole ya nemi mafita, kuma a Kudancin Kaduna mafitar da ta fi araha ita ce abokan karatu. Bayan an tashi daga makaranta za ka same su a ajin da ba kowa, ko a harabar coci, ko a barandar masallaci bayan la'asar, da tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO da JAMB, da littafin fiziks na Anyakoha guda ɗaya da bangonsa ya fita, ana miƙa wa juna.

Kafanchan ta dace da wannan nazari saboda tarihinta. Tun da ta zama mahaɗar layin dogo a 1927, garin ya tara jama'a daga ko'ina. A zama ɗaya ana iya samun mai jin Fantswam, mai jin Jju, mai jin Tyap, ɗan Kagoro, ɗan Jaba da Bahaushen Jama'a. Hausa ce ta haɗa su, kuma ga da yawansu ba ita ce harshen gida ba. Wannan ya bambanta lamarin da aikin Babs Fafunwa na Ife, wanda aka fara a 1970, inda yaran suka yi karatu da Yarabancin da suka tashi da shi.

Waiwaye

Ba zan daɗe a kan masu goyon bayan karatun rukuni ba. Eric Mazur na Jami'ar Harvard ya fitar da littafinsa kan koyar da juna a fiziks a 1997. A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon ɗalibai 6,542 a kwasa-kwasai 62, ya samu cewa azuzuwan da ake tattaunawa sun ninka na lacca zalla wajen ƙaruwar fahimta: 0.48 a kan 0.23. A 2009 Michelle Smith da abokan aikinta suka nuna a mujallar Science cewa tattaunawa tana amfani ko da ba wanda ya san amsar daidai tun farko a cikin rukunin. A gida ma abin ba baƙo ba ne. A makarantar allo babban almajiri ne ke biya wa ƙarami.

Masu adawa su ne abokan maganata, kuma kashi biyu ne. Na farko masana ne irin su Kirschner da Sweller da Clark, waɗanda a maƙalarsu ta 2006 suka ce sabon ɗalibi yana bukatar jagora kai tsaye, domin ƙwaƙwalwarsa ba za ta iya riƙe abubuwa da yawa a lokaci guda ba, in aka sake shi ya nemo hanya da kansa sai ya ɓace. Hujjarsu tana da ƙarfi, sai dai suna magana ne a kan wanda bai taɓa jin darasin ba. Yaran Kafanchan sun ji shi, sun kwafe shi daga allo, sun haddace dokokin Newton guda uku har suna rera su. Matsalarsu ita ce abin da suka haddace bai taɓa abin da suka yi imani da shi ba.

Kashi na biyu abokan aikina ne, malaman kimiyya, kuma maganarsu ta fi ci mini rai domin a ɗakin malamai nake jin ta. Suna cewa Hausa ba ta da kalmomin fiziks. Nauyi kalma ɗaya ce, alhali littafi ya raba mas da wet. Gudu da sauri sun haɗe abubuwa uku. Ƙarfi kuwa ya haɗiye fos da inaji da pawa gaba ɗaya. Saboda haka, a cewarsu, duk yaron da ya koma Hausa ya rushe ginin da malami ya yi da safe. Gaskiya ne kalmomin sun haɗe. Amma Turancin kasuwa ma haka yake: Bature na tambayar nauyinsa a kilo, ba a nuton ba. Abin da bincike ya gano tun 1982, lokacin da John Clement ya gwada ɗaliban injiniya a Amurka da tambayar kuɗin ƙarfe da aka wurga sama, shi ne masu jin Turanci tun haihuwa suna yin kuskuren nan da muke ɗora wa Hausa laifinsa.

Hanyar bincike

Na zauna da rukunonin karatu a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa a lokacin shirin jarrabawa, da izinin ɗaliban, na yi shiru ina rubuta abin da ake faɗa da harshen da aka faɗe shi. Ban gyara wa kowa kuskure ba sai an tashi. Bayan kwanaki nakan kawo tambaya mai kama da wadda aka yi gardama a kai, kowa ya amsa shi kaɗai kuma ya faɗi dalili.

Abin da aka gano

A lissafi amfanin a fili yake, ba ya bukatar dogon bayani. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar (a + b)² a matsayin a² + b². Na ga wata yarinya ta kashe shi ba tare da ambaton wata doka ba. Ta zana fili mai taku 7 kowane gefe a ƙasa da tsinke, ta raba gefen 3 da 4, ta nuna wa abokinta cewa 9 da 16 sun ba da 25, alhali filin 49 ne, sannan ta tambaye shi ina gonaki biyu masu 12 suka tafi.

Fiziks ne ya fi ɗaukar hankalina, musamman tambaya ɗaya da ke dawowa a siffofi daban-daban. An jefa dutse sama kai tsaye da gudun mita 20 a daƙiƙa, jan ƙasa kuma mita 10 a daƙiƙa kowace daƙiƙa. Kusan kowa na samun lokacin isa ƙololuwa, daƙiƙa 2, da tsayi, mita 20. Ana zuba lambobi a fomula da Turanci, ba gardama. Malamin da ya duba takarda zai ba da maki ya wuce, yana ganin an gane.

Sai wani a rukunin ya yi tambayar da ba ta cikin takarda, kuma kullum da Hausa yake yin ta: me ke tura dutsen sama bayan ya bar hannu? A nan ne abin da ke cikin zuciya ke fitowa. Amsar da aka fi bayarwa ita ce ƙarfin hannu yana tare da dutsen, yana raguwa a hankali, idan ya ƙare dutsen ya tsaya, sannan nauyi ya dawo da shi. Wannan tsohon tunani ne mai daraja. Ibn Sina ya yi bayani mai kama da shi, haka ma Jean Buridan a Faransa a ƙarni na 14. Yaron da ya faɗe shi yana tunani ne sosai, kuma ya saɓa wa dokar Newton ta farko da ya rera da safe ba tare da ya lura ba. Da Turanci ba zai taɓa furta shi ba, domin Turancinsa na aji jimlolin littafi ne kawai, kuma jimlolin littafi daidai suke.

A wani zama a Kafanchan gardamar ta kai kusan magariba. Wani yaro ya dage cewa a ƙololuwa babu komai a kan dutsen tunda ya tsaya. Abokinsa ya ce in babu komai a kansa, me zai hana shi zama can sama? Na farko ya ce nauyi ne ke dawo da shi. Aka tambaye shi ko nauyin yana barci ne lokacin hawa. Ya yi shiru. Wata yarinya ta ɗauki murfin biro ta wurga sama sau da yawa, ta ce su duba da kyau, tun daga barin hannu yake rage gudu, ke nan abin da ke jan sa ƙasa ya fara aiki tun daga nan. Suka koma takardarsu: gudu 20, bayan daƙiƙa ɗaya 10, bayan biyu sifili, bayan uku 10 amma zuwa ƙasa. Goma ke fita kowace daƙiƙa, a hawa da a ƙololuwa da a sauka. Su da kansu suka yanke cewa kalmar ƙarfi ta yi musu faɗi, suka raba ta: abin da ke tura abu ko jan sa a wannan lokacin, suka bar masa fos; abin da dutsen ya tafi da shi daga hannu, suka kira shi guzuri. Guzurin nan shi ne inajin motsi, kuma da suka ce guzurin yana komawa tsayi ne ba ɓacewa yake ba, sun riga sun isa babin da malami bai kai ba.

Haka ta faru da nauyi. A Kudancin Kaduna, ƙasar citta, kowa ya san buhu. Da aka ce buhu mai kilo 50 aka kai shi wata, wasu suka ce zai koma kilo 8 da 'yan kai. Wani ya tambaya ko cittar zubewa ta yi a hanya. Daga nan aka raba yawan cittar, wanda ba ya canzawa, da yadda ƙasa ke jan buhun: nuton 500 a nan, kimanin 80 a wata. Haɗewar kalmar ce ta haifar da saɓanin, saɓanin kuma ya tilasta rabewar. Da na dawo da tambaya mai kama bayan kwanaki, waɗanda suka shiga gardamar, har da waɗanda aka kayar, sun fi iya faɗin dalili. Waɗanda suka zauna gefe suna kwafar amsar ƙarshe sun koma gidan jiya.

Saboda haka ban yarda a ci gaba da cin tarar ɗalibi don ya yi Hausa a lokacin karatun rukuni ba. Malamin da ke son sanin abin da ke kan yaransa ya ware minti goma a ƙarshen darasi, ya ba da tambayar da ba lambobi a cikinta, ya bar su su yi ta da harshen da suka ga dama, sannan kowa ya rubuta matsayar da Turanci, tunda da shi za a yi jarrabawa. Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, wadda ke yaye malaman yankin, ita ce wurin da ya fi dacewa a fara koyar da wannan.

Dole in amsa cewa nazarin yana da iyaka. Kallo ne da saurare, ba gwaji mai rukunin kwatanci ba, kuma zamana a wurin yana iya sa yara su ƙara himma. Na ga rukunin da ya haɗu a kan kuskure saboda mai babbar murya ne ya faɗe shi, kuma a babin da ba a taɓa koyarwa ba, kamar wutar lantarki mai juyawa, Kirschner da abokansa suna da gaskiya: yara sun yi ta zagaye ba su isa ko'ina ba. 'Yan mata sun fi ƙaranci a zaman yamma saboda aikin gida, kuma duk lokacin da aka sa dokar hana fita a Kafanchan zaman yakan watse. Idan jarrabawa ta matso kuma, daƙiƙa 40 ɗin nan takan rinjayi komai, a daina tambayar dalili a koma haddar A da B da C daga tsofaffin takardu.