Kalandar Tafki: Wane Ne Ya Tsara wa Kifin Amurka Lokutansa?

A arewa da birnin San Diego, a jihar Kalifoniya ta Amurka, akwai wani ƙaramin tafki mai suna Dixon, a gefen garin Escondido. Masu zuwa can shaƙatawa da fatsa sun haddace jadawalinsa. Daga wajajen Nuwamba, idan sanyi ya sauka, lokacin kifin tirawut ne. A Maris da Afrilu hankali yakan koma kan kifin da suke kira bas, wanda ba shi da wata dangantaka da motar haya. Idan zafi ya kankama daga Yuni, sai a shiga lokacin wani ɗan uwan tarwada mai gashin baki, wanda aka fi nema da dare.

Mai kallo daga nesa zai zaci wannan tsari ne irin na damina da rani, wanda ba hannun kowa a ciki. Amma tafkin kansa ginin mutum ne na farkon shekarun 1970, don adana ruwan sha. Bas da tarwadar daga gabashin duwatsun Rocky aka kawo kakanninsu. Tirawut ne kaɗai ɗan asalin Kalifoniya, shi ma gidansa ƙoramu masu sanyi ne, kuma a tankar mota ake kawo shi Dixon. Kalandar tafkin tana da tarihi, kuma akasarinsa tarihin gwamnati ne da jirgin ƙasa da haraji.

Ɓangaren halitta a lamarin ba shi da wuyar fahimta. Kifi ba ya ɗumama jikinsa, zafin ruwa ne yake juya shi. Tirawut yana son ruwan da bai haura digiri 20 a ma'aunin Salshiyos ba, kuma idan ya kusanci 25 yakan mutu, don haka a tafkin kudancin Kalifoniya watannin sanyi kawai yake da su. Bas yakan matso bakin gaɓa idan ruwa ya kai digiri 15 zuwa 18. Namijin ne yake share gurbi a ƙasan ruwa, mace ta zuba ƙwai, shi kuma ya tsaya gadi yana kai wa duk abin da ya gifta cafka, ciki har da ƙugiya. Ita kuwa tarwada ɗumi ne yake tashe ta, kuma da yake fatarta tana ɗanɗanar ruwa kamar harshe, duhu ba ya hana ta kiwo.

Tambayar ita ce yadda kifaye uku masu mabambantan gidaje suka haɗu a kwano ɗaya. Amsar ta faro ne a 1871, lokacin da majalisar dokokin Amurka ta kafa Hukumar Kifi ta ƙasa, ta ɗora masanin halittu Spencer Baird a kanta. An ce ya binciki dalilin raguwar kifi a gabashin ƙasar. Dalilan ba a ɓoye suke ba: madatsun masana'antu sun tare hanyar kifi, dattin injinan katako da na jima ya gurɓata koguna, masunta kuma suna kwasa ba ƙaƙƙautawa. Sai dai taɓa kowanne daga cikin waɗannan yana nufin faɗa da masu kuɗi da masu ƙuri'a. Baird, wanda ya san siyasa kamar yadda ya san kifi, ya karkata ga hanyar da ba ta ɓata wa kowa rai: a ƙyanƙyashe kifi a gidan gwamnati, a riƙa zubawa a ruwa. A ganina wannan zaɓi shi ne tushen duk abin da ya biyo baya, domin daga ranar aka fara ɗaukar kifi a matsayin kayan da ake sarrafawa a raba, kamar irin shuka.

A 1872 Baird ya tura Livingston Stone, wani tsohon limamin coci da ya koma kiwon kifi, zuwa kogin McCloud a arewacin Kalifoniya, inda ya kafa gidan ƙyanƙyasa. Daga wannan kogi ƙwayayen tirawut mai launin bakan gizo suka bazu, har ya zamana yau babu nahiyar da babu shi sai Antatika. Zirga-zirgar ta kowane ɓangare ce. A 1873 Stone ya ciko taragon jirgin ƙasa da kifayen gabas zai kai yamma, gada ta karye da su a kogin Elkhorn na Nebraska, kifayen suka watse a ruwa. Da shekara ta zagayo ya sake gwadawa, ya isa. Daga 1881 hukumar ta mallaki taragai na musamman masu tankuna da ƙanƙara da ma'aikatan da ke kwana tare da kifin, kuma sun yi aiki har 1947. A 1883 ƙwayayen wani nau'in tirawut mai ruwan ƙasa suka iso daga Jamus.

Kifi ya samu, saura wurin zuba shi. Wannan kuma ƙarni na 20 ne ya samar. Daga kafa Hukumar Kwarin Tennessee a 1933 zuwa shekarun 1960, Amurka ta gina madatsun ruwa da yawan gaske don wutar lantarki da ban ruwa da hana ambaliya. Ba don masu fatsa aka yi su ba, amma kowace madatsa ta haifi sabon tafki, da bishiyoyi da gonaki nutse a ƙarƙashinsa, wato irin maɓoyar da bas yake ƙauna. A ƙasan madatsa kuma wani abu ya faru. Ruwan da ke fita ta gindin bango mai sanyi ne ƙalau, sai ya kashe kifayen ruwan ɗumi da ke kogin tun asali. Haka aka yi a kogin White na jihar Arkansas bayan madatsar Bull Shoals a farkon shekarun 1950, kuma diyyar da gwamnati ta biya ita ce gidan ƙyanƙyasar tirawut. Yau mutane suna tafiya mai nisa don kama tirawut a kogin da bai taɓa saninsa ba.

Abin da ya ɗaure tsarin tamau shi ne kuɗi. Dokar Dingell-Johnson ta 1950 ta ware harajin kashi 10 cikin 100 da ake karɓa a kan sandunan fatsa da sauran kayan kamun kifi, ta ce a mayar wa jihohi don kula da kifi. Kashi 60 na rabon ana yin sa ne bisa yawan mutanen da suka sayi lasisin kamun kifi a jiha, kashi 40 bisa faɗin ƙasarta. A 1984 aka ƙara da harajin man kwale-kwale mai inji. Tsari ne mai wayo, kuma ya rayar da ruwaye da dama. Amma duk hukumar da albashinta yake fitowa daga aljihun mai fatsa, kifin da mai fatsa yake so shi za ta fifita. Zuba tirawut da sanyi da tarwada da zafi hanya ce ta tabbatar da cewa babu watan da tafki zai zauna ba mai sayen tikiti.

Wasu halittu ne suka biya kuɗin wannan fifiko. A Satumban 1962, gab da rufe madatsar Flaming Gorge, hukumomin jihohin Wyoming da Utah sun zuba gubar rotinon a kimanin kilomita 700 na kogin Green da rassansa, don share kifayen asali da suke kira tarkace, a ba tirawut fili. Gubar ta gangara har cikin gandun Dinosaur da gwamnatin tarayya ke karewa. Cikin shekaru biyar, wasu daga cikin kifayen da aka share sun shiga jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa. A tsaunukan Sierra Nevada kuwa, inda dubban tafkuna ba su da kifi ko ɗaya tun fil'azal, an riƙa sako 'ya'yan tirawut daga jirgin sama. Suka cinye talibambam, har kwaɗon tsaunin mai rawayar ƙafa ya shiga wancan jeri a 2014.

Shi bas, kasuwa ce ta ɗaga shi. Ray Scott, wani dillalin inshora daga Alabama, ya shirya gasarsa ta farko a tafkin Beaver na Arkansas a 1967. Da ya lura tarin matattun kifaye a wurin awo yana fusata mutanen gari, a 1972 ya fara matsa wa 'yan gasa su dawo da kifi da rai a sake shi. Daga nan aka sami al'adar da za ta ɗaure wa kowane masunci kai: a kama kifi, a auna, a ɗauki hoto, a mayar da shi ruwa. George Perry, manomin jihar Georgia da ya kama bas mai nauyin kilo 10.09 a ranar 2 ga Yuni, 1932, bajintar da ta zama ta ɗaya a duniya, gida ya kai nasa, iyalinsa suka cinye.

A San Diego duk waɗannan zaruruwa suka haɗu. Wajajen 1960 an shigo da nau'in bas na Fulorida, mai girman jiki, aka zuba a tafkunan yankin. Tirawut ɗin da ake kawowa da sanyi, wanda ya tashi a kwami bai san maƙiyi ba, sai ya zame wa bas abincin turka. A ranar 20 ga Maris, 2006, wani mai fatsa a Dixon ya fito da macen bas mai kilo 11.4, wadda ake wa laƙabi da Dottie saboda wani baƙin ɗigo a gefen kanta. Ta zarce ta Perry da fiye da kilo guda. Sai dai ƙugiyar a jikinta ta maƙale, ba a baki ba, dokar Kalifoniya kuma ba ta yarda da irin wannan kamu ba. Aka mayar da ita ruwa. A Mayun 2008 aka tsinci gawarta tana yawo a saman tafkin.

Wanda ya kamo Perry daga Japan ya fito. An kai bas ƙasar a 1925, ya bazu, ya yi wa kifayen asali ɓarna, har dokar baƙin halittu ta 2005 ta sa shi cikin masu cutarwa. A ranar 2 ga Yuli, 2009, Manabu Kurita ya kama mai kilo 10.12 a tafkin Biwa, kuma da yake tazarar ba ta kai abin da ƙa'ida ta gindaya ba, aka rubuta su kunnen doki da Perry. A tafkin Biwa, tun 2003 hukumar lardin Shiga ta hana mayar da bas ruwa idan an kama shi, ta kuma ajiye akwatunan jefa shi a bakin gaɓa.